Shin ya dace a ci gaba da fesa wa wiwi ruwa bayan ya fara fure a wuri mai busasshiyar iska?

MaiTukwane:
Assalamu alaikum. Ina zaune a wurin da doka ta yarda mutum ya shuka 'yan tsirarun gindin wiwi a gidansa, kuma ina da guda uku a cikin tukwane a waje. Iskar yankinmu busasshiya ce ƙwarai, domin da tsakar rana na'urar auna laima takan nuna ƙasa da kashi 20 cikin 100. Tun suna ƙanana nake fesa musu ruwa a ganye safe da yamma, kuma ban ga wata illa ba. Yanzu sun shiga mako na uku da fara fure, kuma na lura gefunan ganyen sama suna naɗewa idan rana ta take. Shin in ci gaba da feshin, ko in daina?

TsohonManomi:
Wa alaikumus salam. Malam, shawarata ita ce ka ajiye abin feshin nan har sai ka girbe. Abin da ya yi amfani lokacin da shukar take ganye kaɗai ba lallai ya yi amfani yanzu ba, saboda siffar shukar ta canza. Ganye shimfiɗaɗɗe ne, ruwan da ya sauka a kansa yakan bushe cikin ɗan lokaci, amma kan fure curarre ne, kuma kullum yana ƙara cunkushewa har zuwa makonnin ƙarshe. Ruwan da ya shige tsakiyarsa ba ya samun iskar da za ta busar da shi, ko da kuwa waje ya bushe ƙamas.

A nan ne fumfunar da masana ke kira Botrytis cinerea take samun gindin zama. Mugun halinta shi ne daga ciki take farawa, kusa da kara, ta yadda mai shuka ba ya ganin komai sai ranar da ya ga wani ɗan ganye a jikin furen ya yi ruwan ƙasa ya bushe. Idan ya ja shi sai ya zare ba wuya, ya buɗa ya tarar da cikin ya ruɓe ya yi toka-toka. Idan abin ya kai haka babu gyara, sai dai a yanke wurin a zubar.

Kuma ka sani cewa bushewar iskar da kake kuka da ita wata ni'ima ce a wannan mataki. Masu noma a wurare masu laima suna kashe kuɗi domin su sauko da laimar ɗakunansu zuwa wajen kashi 40 zuwa 50 a lokacin fure. Irin wiwin da ya samo asali daga duwatsun Afghanistan, wanda aka san shi da cunkushewar fure, a busasshiyar ƙasa ya saba, shi ya sa yake saurin ruɓewa idan aka kai shi inda ake yawan ruwa. Bai kamata ka kawo masa da hannunka matsalar da yanayinku ya raba shi da ita ba.

MalamaMaiLambu:
Na yarda da bayanin da ya gabata, sai dai akwai abin da bai kamata a manta ba. Zafi da bushewa su ne yanayin da ƙananan ƙwarin nan masu saƙa kamar gizo-gizo suke yaɗuwa da sauri, kuma wataƙila feshin da kake yi ya taimaka wajen rage su ba tare da ka sani ba. Idan ka daina, ka riƙa juya ganye kana duba bayansa sau biyu ko uku a mako. Idan ka ga ɗigo-ɗigon fari ko rawaya a saman ganye, ka cire waɗanda suka fi kamuwa, ka goge sauran da jiƙaƙƙen ƙyalle, ba tare da ruwa ya taɓa furen ba.

MaiTukwane:
Na gode muku. To, naɗewar ganyen fa? Na ɗauka alama ce ta cewa shukar tana neman ruwa a jikinta. Kuma idan da dare na yi feshin, lokacin da babu rana, shin hakan bai fi sauƙi ba?

TsohonManomi:
Feshin dare ya fi na rana haɗari. A wuri mai busasshiyar iska zafi yakan sauka sosai bayan faɗuwar rana, kuma idan iska ta yi sanyi laimarta takan hau, don haka ruwan da ka fesa zai kwana a cikin furen har gari ya waye. Awannin da fumfuna take buƙata ke nan.

Game da naɗewar ganye kuwa, shukar tana zubar da ruwa ta ƙananan ƙofofin ganyenta fiye da yadda saiwa take iya jawowa, kuma feshi ba ya magance wannan, domin laimar da yake ƙarawa ba ta wuce 'yan mintuna a fili. Ta saiwa shuka take sha. Ka shayar da tukwanen sosai da sassafe har ruwa ya fito ta ƙasa, ka rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa domin ta riƙe danshi, sannan ka yi musu 'yar inuwa da ragar lambu a sa'o'in da rana ta fi zafi. Ka duba tukwanen su kansu ma: idan baƙaƙe ne na roba, rana tana gasa saiwar da ke jingine da bangonsu, don haka ka naɗe su da farin buhu ko ka saka kowace a cikin wata babbar tukunya. Idan kuma akwai iska mai ƙarfi da take bugunsu kai tsaye, ka kafa ɗan shinge ta ɓangaren da take tasowa, amma kada ka toshe su gaba ɗaya, domin furen yana buƙatar iska ta riƙa ratsa shi.