Abin da masu yanka ƙarfe da leza suka fi nanatawa

Da masu yanka ƙarfe da leza (na'urar da ke yanka da haske mai ƙarfi) suka tattauna kan sana'arsu, maganar iskar gas da ake fesawa a wurin yankan ta fi cin lokaci. Baƙin ƙarfe mai kauri oksijin yake so, domin yana ƙara zafin yankan, sai dai bakin wurin da aka yanka yakan yi baƙi. Ƙarfen da ba ya tsatsa kuwa, naitirojin ne ke fitar da shi fes.

Jan ƙarfe da alminiyam suna mayar da haske, don haka aka fi yaba lezar faiba (mai samar da haskenta cikin zaren gilashi) a kan ta CO2 (mai samar da nata daga iskar gas) wajen yanka su.

Wani daga cikin masu yankan ya ce in ka ga narkakken ƙarfe ya daskare ƙarƙashin faranti, kada ka yi saurin ƙara wuta, fara duba gilashin da ke tattara hasken lezar da kuma bakin da ke fesa iskar. Na yarda da shi. Hayaƙin da ke tashi in ana yanka ƙarfe mai rufin tutiya kuma, a zuƙe shi waje.