Neman shawara: makin kiredit na maigidana ya tsaya mana a hanyar sayen gida a Teksas

Maman Ikram:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sani a taimaka mana. Muna zaune a Huston, muna so mu sayi gida kafin yarjejeniyar hayarmu ta ƙare nan da wata takwas. Mai bada bashin gida ya duba mu, ya ce makina na kiredit, wato lambar da ke nuna yadda mutum ke biyan bashi, 742, na maigidana Baban Ikram 598, wai mu dawo in ya haura 620. Abin da ya ɗaure mana kai, a Credit Karma, manhajar duba maki, 651 muke ganin nasa.

Ga abin da ke kansa. Katin bashi biyu, ɗaya iyakarsa dala 2,000 ana binsa 1,850, ɗayan iyakarsa 1,500 ana binsa 1,300. Ya taɓa makara biyan kuɗin mota sau ɗaya, shekara biyu ke nan. Akwai dala 640 na wani kamfanin waya da aka miƙa wa masu karɓar bashi, da 380 na asibiti. Albashina ni kaɗai ba zai kai mu gidan da muke so ba. Muna da dala 14,000 a banki, kuma zan ɗauki adashe na 6,000 nan da wata uku. Ta ina za mu fara?

Baban Sadik:
Wa alaikumus salam Maman Ikram. Ki kwantar da hankalinki, wata takwas ya ishi wannan aikin in sha Allahu.

Lambar da kuke gani a Credit Karma ta wani ma'aunin maki ce mai suna VantageScore. Yawancin masu bada bashin gida kuwa tsofaffin ma'aunan FICO suke jawowa daga kamfanoni ukun da ke ajiye rahoton bashin mutane: FICO 2 daga Experian, FICO 4 daga TransUnion, FICO 5 daga Equifax. Cikin ukun nan na tsakiya suke ɗauka. In miji da mata ne tare, na wanda ya fi ƙasa shi ake dubawa wajen yanka muku farashin bashin, shi ya sa 742 ɗinki bai rufa masa asiri ba. In kuna son ganin ainihin lambobin, shafin myFICO na sayar da su.

Babbar matsalar Baban Ikram katunan nan ce. Ana binsa 3,150 a kan iyakar 3,500, wato kashi 90 cikin 100 ya cinye. Yawan abin da ake bin mutum shi ne kashi 30 na makin FICO, kuma daɗin abin, waɗannan tsofaffin ma'aunan ba sa riƙe shi a zuci: abin da aka rubuto a watan nan kawai suke gani. Ku ciro dala 3,000 cikin ajiyarku, ku biya ƙaramin katin tas, babban ku bar masa 150. Kada ku mayar da dukkansu sifili, don in babu ko kati ɗaya da ya nuna ana amfani da shi, makin kan ɗan sauka.

Inda mutane ke yin kuskure shi ne ranar biya. Kowane kati yana da rana biyu: ranar da ake rufe lissafin wata, da ranar ƙarshe ta biya. Yawancin bankuna abin da suka tarar a ranar rufewa shi suke aika wa kamfanonin ukun. Ku duba takardar wata ku ga ranar, ku biya kwana uku ko huɗu kafin ta, sannan ya ajiye katin a durowa har ranar ta wuce. Wanda ya biya bayan an rufe sai ya jira wata mai zuwa kafin ya ga canji.

Kuma kada ya rufe katunan bayan ya biya. In ya rufe, iyakar ta tafi, lissafin ya sake lalacewa.

Anti Hajara:
Ƙanwata, ki ƙara da wannan a kan na Baban Sadik. In kina da kati mai shekaru, wanda ba ki taɓa makara a kansa ba kuma abin da ake binki kaɗan ne, ki kira bankin ki sa sunan maigidanki a matsayin wanda kika ba izinin amfani da shi. Tarihin katin zai shiga rahotonsa, yawanci cikin wata ɗaya ko biyu. Ba dole sai kin miƙa masa katin ba. Ki tambaye su ko suna aika rahoton irin wannan ga duka kamfanoni ukun, kuma ko da ainihin ranar buɗe katin suke aikawa, don American Express ranar da aka ƙara mutum take sawa, shekarun ba sa bin shi. Amma ki sani daga ranar, in kika cika katin ko kika makara, ku biyu zai taɓa.

Malam Nura:
Kafin a biya ko sisi ga masu karɓar bashi, ku fara ciro rahotonsa duka uku a AnnualCreditReport.com. Kyauta ne, kowane mako ma ana iya cirowa. Ku zauna da biro ku bi layi-layi: suna, adireshi, kowane asusu, da ranar da aka fara makara a kowanne. Mu da ke da sunaye masu kama da juna, Muhammad da Abubakar da Ibrahim ko'ina, ba abin mamaki ba ne a ga bashin wani ya faɗo cikin rahoton wani.

Na asibitin nan bai kamata ya bayyana ba. Tun watan Afrilu na 2023 kamfanonin ukun suka daina saka bashin asibiti da asalinsa bai kai dala 500 ba. In kun gan shi a rahoton, ku shigar da ƙorafi a kamfanin da ya nuna shi, doka ta ba su kwana 30 su bincika. Wannan ba ya nufin bashin ya faɗi, haƙƙin mutane ne, a biya asibitin.

Na wayar ya fi buƙatar dabara. Sababbin ma'aunai, FICO 9 da 10, suna kau da kai daga bashin da aka biya, amma tsofaffin da ake amfani da su a bashin gida ba sa yi. Za ku iya biyan 640 ɗin nan makin bai motsa ba. Abin da ake nema shi ne a goge shi gaba ɗaya. Baban Ikram ya rubuta musu cewa zai biya in za su cire shi daga rahotannin uku, kuma kada ya tura kuɗi sai ya riƙe amincewarsu a rubuce, wasiƙa ko imel. Alkawarin waya ba ya tsaya wa mutum. Wasu suna yarda, wasu ba sa yarda. Ku kuma duba shekarunsa: shekara bakwai daga ranar da aka fara makara yake faɗuwa da kansa, ko an sayar da shi ga wani kamfanin ba a sake ƙirga daga farko.

Baban Sadik:
Malam Nura ya yi daidai, sai dai a yi ƙorafin yanzu-yanzu. In lokacin duba takardun bashin gida ya zo akwai asusun da ke ɗauke da alamar ana jayayya a kansa, sau da yawa sai an sa ku cire alamar a sake jawo makin, ga jinkiri, kuma makin na iya sauka. Kada kuma a yi ƙorafi a kan abin da yake gaskiya. Makarar motar nan gaskiya ce, to hanyarta roƙo: ya rubuta wa kamfanin motar wasiƙa, ya nuna sau ɗaya ne kuma tun daga nan bai sake ba, ya nemi alfarma su cire. In sun ƙi, ba tashin hankali ba ne, mai shekara biyu nauyinta ya ragu sosai. Sabuwar makara ita ce mai kashe zance, don tarihin biya shi ne kashi 35. Ku sa kowane bashi a biya ta atomatik yau ɗin nan.

Maman Ikram:
Allah ya saka da alheri. To in na nema ni kaɗai fa, da sunana? Sannan wani ya ce mana da 598 ɗin ma FHA, hukumar gwamnatin tarayya da ke tsaya wa bashin gida, za ta karɓe mu.

Hajiya Bilki:
Maman Ikram, gaskiya ne a ƙa'idar FHA mai 580 zuwa sama yana iya shiga da kafin alƙalami na kashi 3.5, daga 500 zuwa 579 kuma kashi 10. Amma kowane mai bada bashi yana ɗora tasa ƙa'idar a kai, da yawa 620 suke nema, kamar yadda naku ya ce. Kuma FHA tana da inshora ta farko kashi 1.75 na bashin, ga ta wata-wata, wadda in kafin alƙalaminku bai kai kashi 10 ba ba ta sauka har bashin ya ƙare, sai in kun sake sabon bashi. Ni dai shawarata, tunda kuna da lokaci, ku ɗaga makin tukuna a buga muku lissafin hanyoyin biyu, ta FHA da ta bashin gida na gama-gari, ku kwatanta.

Neman ke kaɗai yana yiwuwa, kuma sunansa na iya shiga takardar mallakar gidan ko ba ya cikin bashin. Farashi zai yi kyau da 742, amma albashinki kaɗai za a ƙirga, kin kuwa ce ba zai kai ba. Ga kuma wani abu: Teksas na cikin jihohi tara da doka ta ɗauki dukiyar aure ta haɗin gwiwa, irin su Kalifoniya da Arizona. A nan, in FHA ce, ko ba ya cikin bashin sai an jawo rahotonsa an ɗora basussukansa a kan albashinki. Kin ga an ɗauki nauyinsa an bar kuɗin shigarsa.

Sai adashen, ki kula da shi sosai. Za a nemi takardun banki na wata biyu, duk wani babban kuɗi da ya shigo sai kin faɗi daga ina yake, da shaida. Tsabar kuɗi a ambulan ba ta da shaida. Ki roƙi uwar adashe ta rubuta miki takarda mai nuna yawan 'yan adashen, zubin kowa da ranar ɗaukarki, ta biya ki ta banki, ke ma ki riƙa zubi ta banki. Dokokin Fannie Mae, kamfanin da ke sayen basussukan gida daga masu bada bashi, da na FHA duk sun san irin wannan tarin, in akwai takardu. Tunda nan da wata uku za ki ɗauka, ki sa shi a asusu nan take ya zauna.

Malam Nura:
Ga masu gudun riba, kamfanoni irin su Guidance Residential da UIF suna sayen gida da tsarin haɗin gwiwa, amma su ma suna jawo wannan makin, kuma yana shafar abin da za ku riƙa biya duk wata. Don haka aikin nan ɗaya ne ko ta wace ƙofa za ku shiga. A katin bashi kuwa, wanda yake biyan duk abin da takardar wata ta nuna kafin ranar ƙarshe ba a ɗora masa ruwa. Hukuncin riƙe katin kansa a tambayi malamai.

Anti Hajara:
Daga yanzu har ku karɓi mukulli, babu sabon kati, babu sabuwar mota, babu kujeru ko firji a kan bashi, babu tsaya wa ɗan'uwa a nasa bashin komai kusancinku. Ana sake duba rahoton dab da ranar sa hannu. Masu tallan gyaran kiredit da ke neman kuɗi kafin aiki kuma ku rabu da su, dokar tarayya ta hana karɓar kuɗi kafin a yi aikin, kuma babu abin da za su yi wanda ba a lissafa muku a nan ba.

Baban Sadik:
In katunan sun nuna sabon lissafi, ku koma wajen mai bada bashin. Yawancinsu suna da manhajar da ke gwada abin da makin zai zama in an biya kaza, ku sa ya buga muku kafin ku taɓa na wayar. In lokaci ya ƙure, yana iya tura shaidar biyanku a sabunta makin cikin 'yan kwanaki, ba sai an jira ƙarshen wata ba. Shi kaɗai ke iya nema, ku ba ku iyawa. Sannan ku tambayi farashi a wurare uku ko huɗu cikin kwana 14, a tsofaffin ma'aunan nan duk dubawar da ta faɗo cikin kwanakin ɗaya ake ƙirga ta.

Maman Ikram:
Na gode ƙwarai. Na duba, babban katin ranar 19 ake rufe shi, ƙaramin ranar 26. Ranar 15 za mu biya duka biyun in sha Allahu, rahotannin kuma daren nan za mu ciro su.