Saniyata na tari tana ramewa, ko tarin fuka ne?

Malam Mai Bunaji:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da 'yar gona a gefen Saminaka da shanu goma sha ɗaya, yawancinsu bunaji, wani Bafillatani ke duba mini su. Bayan babbar sallar bara na sayi wata saniya mai ciki a kara, ta haihu lafiya, nono kuwa sai godiyar Allah. To tun shigowar hunturu take wani busasshen tari, musamman da asuba ko idan an koro su daga rafi da sauri. Tana cin harawa da dusa kamar sauran, amma kullum awazarta ƙara fitowa take. Ga wani ƙullutu a bayan muƙamuƙinta. Mun yi mata allurar sammore, cutar nan da ƙudan tsando ke kawowa, mun ba ta maganin tsutsa da na hanta, mun yi ta dirka mata LA, allurar nan ta kashe ƙwayoyin cuta, shiru kake ji. Abin da ya fi damuna, jikokina madararta suke sha da ɗuminta, kakarsu ta ce ta fi gina jiki. Wani ya ce mini shanu ma suna tarin fuka. Da gaske ne? Kuma mutum yana ɗauka daga wurinsu?

Ardon Ruga:
Wa alaikumussalam Malam. Ni dai a zamana da shanu, tari da rama in ba sammore ba ne to ciwon huhu ne. Ka duba ko tana tsayawa ta ware ƙafafun gaba ta miƙe wuya tana nishi. In haka ne ka raba ta da garke yau ɗin nan, huhu ba ya jira.

Likitan Dabbobi:
Baba Ardo ya yi gaskiya wajen raba ta, amma bayanin Malam bai yi mini kama da huhu ba. Ciwon huhu yana zuwa da zazzaɓi, kuma da tuni wasu shanun sun kama. Wadda ke ci tana ramewa wata da watanni, ga kaluluwa a wuya, dole a sa tarin fuka cikin lissafi. Ƙwayar cutar sunanta Mycobacterium bovis, 'yar uwar wadda ke kama mutane ce, kuma tana shiga jikin mutum ta ɗanyar madara ko ta numfashi, musamman ga mai kwana kusa da shanu.

Ba a gane ta da ido. Ana aske gefen wuyan saniya, a auna kaurin fatar, a yi 'yar allurar tubakulin a cikin fata, a dawo bayan awa 72 a sake aunawa a ga ko wurin ya kumbura. Ka je ofishin kula da dabbobi na ƙaramar hukumarku ka nema, in babu kayan gwajin su haɗa ka da asibitin koyarwa na dabbobi na ABU Zariya ko cibiyar binciken dabbobi ta Vom. A gwada garken duka har da ɗan maraƙinta. Wani abin haushi da gwajin nan, saniyar da cutar ta riga ta ci jikinta sosai takan ƙi nuna komai, don haka ko an ce ba a gani ba kada ka saki jiki da ita.

Maganar magani kuma, Malam ka daina ɓata kuɗinka a kan LA. Ba a yi wa saniya jinyar tarin fuka. Rigakafin da ake yi wa shanu duk shekara na huhu ne, bai shafi wannan ba. In ta tabbata, yanka ne, a gaban ma'aikacin duba nama.

Ɗan Sarkin Fawa:
Likita, mu a kwata mun san abin nan sarai. Ka feɗe saniya ka ga huhu da jikin awaza sun yi ƙuraje masu ruwan ɗorawa, in ka sa wuƙa ka ji ƙaras-ƙaras kamar akwai yashi a ciki. In a huhu kaɗai ya tsaya, mai duba nama yakan cire kayan cikin a zubar. In ya bazu ko'ina, duka ake binnewa, kuma asarar ta mai dabba ce. Shi ya sa wasu ke yankawa a bayan gari da daddare, naman ya ƙare a tukunyar masu tuwo.

Hajiya Nas:
Baba, a dakatar da ɗanyar madarar nan tun yau don Allah. A tafasa ta sosai kafin a sha, kuma ko kindirmo za a yi, a tafasa tukuna, domin tsami shi kaɗai ba abin dogaro ba ne. Tarin fukan da ake ɗauka ta madara sau da yawa ba a ƙirji yake fara bayyana ba, a yara kaluluwar wuya ce ko ciwon ciki, sai a yi ta neman maganin daji. A shafa wuyan jikokin, a lura da rama, zazzaɓin yamma da gumin dare. Shi ma makiyayin da iyalinsa, duk wanda ya yi mako biyu yana tari ya je sashen tarin fuka na asibitin gwamnati, gwajin majina kyauta ne, magani ma kyauta. Ku gaya wa likita akwai saniyar da ake zargi a gida, saboda ɗaya daga cikin magunguna huɗun da ake bayarwa, pyrazinamide, ba ya yi wa irin na shanu aiki, sai an tsawaita jinyar ta wuce wata shidan da aka saba.

Malam Mai Bunaji:
Allah ya saka muku da alheri. An ɗaure ta ita kaɗai a gindin ɗorawa, da kwanon ruwanta daban. Makiyayin ya ce in lallaɓa in mayar da ita kara ranar kasuwa tun tana tafiya da ƙafarta, ko rabin kuɗi in samu. Zuciyata ba ta kwanta da hakan ba, don wanda zai saya ɗin ma yana da jikoki. Likita, ɗan maraƙin fa, in yaye shi yanzu ko in bari sai an gwada?

Likitan Dabbobi:
Yaye shi yanzu Malam, amma kada ka haɗa shi da sauran maruƙa. In gwajin farko bai nuna komai ba, a maimaita masa bayan wata biyu.