Injin huda mai tsayuwa da ƙafarsa: mu kira shi mahujin girke

1/
Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sana'a da malaman harshe. Mako biyu ke nan ina ƙoƙarin rubuta allon gargaɗi da Hausa domin a kafa a bangon shagon da nake koya wa yara aikin ƙarfe, amma tun a layin farko na cije, saboda injin da gargaɗin ya shafa ba shi da tsayayyen suna a harshenmu. Ina nufin injin nan mai dogon ginshiƙin ƙarfe a baya, da ƙaramin tebur a tsakiya, da moto a sama, wanda ake jawo hannunsa ƙasa sai tsinke ya sauko yana juyawa ya huda abin da aka ajiye. Amurkawa suna ce masa drill press, Turawan Ingila suna ce masa pillar drill, wato mai ginshiƙi, kuma sunansa na Faransanci, wanda 'yan'uwanmu na Nijar suke ji a makarantun sana'a, shi ma daga ginshiƙin aka samo shi.

2/
Wanda ya shiga Fanteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano zai ji ana cewa diril, ko injin huda, kuma ba ni da ja da waɗannan sunaye a cikin hira. Matsalata ita ce suna ɗaya ya haɗa injina biyu, na hannu da na tsaye, alhali hatsarinsu ba iri ɗaya ba ne. Na hannu, idan tsinkensa ya maƙale, injin ne yake murɗe maka wuyan hannu, ka saki maɓalli ya tsaya. Na tsaye kuwa ba ya motsawa daga inda yake, don haka duk ƙarfin moton yana komawa kan ƙarfen da ake hudawa, sai ƙarfen ya fizge ya kama juyawa da gudun tsinken. Yaron da ya saba da na hannu, aka ce masa wannan ma diril ne, zai zo masa da ɗabi'ar da ya saba, kuma a nan ake samun rauni.

3/
Na fara da gwada fassarar sunan Amurkawa kai tsaye, sai ta ba ni wani abu kamar injin huda na dannawa, ko na matsawa. Na yi watsi da ita, ba don nauyinta a baki kaɗai ba. Suna yana koyar da mai jinsa, kuma wannan sunan mummunan darasi yake koyarwa, domin almajirin da ya ji dannawa zai ɗauka ƙarfin damtse ne yake huda ƙarfe. Tsinke yanka yake yi da kaifin bakinsa, wanda a yawancin tsinkunan da muke saye aka wasa shi a kan kusurwa mai digiri 118, kuma aikin mai hannu shi ne ya bi shi a hankali yana ɗaga shi lokaci-lokaci domin ɓarɓashi ya fita. Wanda ya danna da ƙarfi, ko dai ya ƙona bakin tsinken ya yi shuɗi ya dakushe, ko ya karya shi guntun ya yi tsalle.

4/
Daga nan na koma ga abin da Hausa take da shi tun asali. Harshenmu yana da hanyarsa ta ƙera sunan kayan aiki: daga buɗe aka sami mabuɗi, daga girbi aka sami magirbi, daga auna aka sami ma'auni. Haka daga huda ko huje ake samun mahuji, kalmar da duk Bahaushe zai gane ko da bai taɓa jin ta ba. Wani dattijon kafinta ya tuna mini da barima, wadda ta shigo mana daga Larabci, amma ita a kunnen masu aikin katako abin murɗawa ce da hannu, kuma na fi so a bar mata wannan gurbin nata.

5/
Abin da ya rage shi ne kalmar da za ta raba na tsaye da na hannu. Mahuji mai ginshiƙi ya siffanta injin daidai, kuma ya yi daidai da sunayen Ingila da Faransa, sai dai ya yi tsawo, kuma ginshiƙi ba shi ne abin da nake so yaro ya riƙa tunawa ba. Mahujin tsaye yana da sauƙi, amma akwai ƙanana da ake ɗaurewa a kan benci. Wanda ya kwanta mini shi ne mahujin girke. Mun riga mun saba da wayar hannu da wayar girke, masu rubutu kan fasahar sadarwa kuma suna cewa kwamfutar girke, saboda haka mahujin hannu da mahujin girke za su zauna a baki ba tare da dogon bayani ba.

6/
Dalilina mafi ƙarfi dai ba na nahawu ba ne. Girke yana nufin a kafa abu a wuri ya zauna daram, kamar yadda ake girke tukunya a kan murhu, kuma dokar farko ta wannan injin ke nan: shi kansa a ɗaure gindinsa da noti a ƙasa ko a benci, abin da za a huda shi ma a girke shi a kan tebur da bayis ko wani mamatsi. Na taɓa ganin abin da rashin haka yake jawowa a wani shago da na yi aiki ina saurayi. Wani yaro ya dafe siririn farantin ƙarfe da tafin hannu yana hudawa, komai yana tafiya lafiya har zuwa lokacin da tsinken ya kusa ɓullowa ta ƙasa, wanda shi ne lokacin da ya fi cafkar ƙarfe, sai farantin ya hau tsinken ya juya kamar wuƙa, ya tsaga masa hannu tun daga gindin babban yatsa. Ya warke, amma yatsan bai sake lanƙwasuwa yadda ya kamata ba. Da an koya masa cewa a wannan injin komai girke shi ake yi, kuma a sassauta hannu idan an kusa ɓullewa, da wataƙila yana nan da yatsansa lafiya. Idan ƙarfen dogo ne, a jingina dogon ɓangarensa da ginshiƙin ta hagun mai aiki, domin tsinke hannun dama yake juyawa, kuma ginshiƙin zai tare shi idan ya fizge.

7/
Da sunan ya zauna, sai sassan injin suka biyo baya. Abin da yake yankan na bar shi a tsinke, kamar yadda na ji masu aiki da yawa suna faɗa. Irinsa mai murɗaɗɗen jiki da muke amfani da shi yau, wani Ba'amurke mai suna Stephen Morse ne ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1863, kuma murɗin nan hanya ce ta fitar da ɓarɓashi. Abin da yake riƙe tsinken, mai haƙora uku da suke matsewa tare, na kira shi baki, ɗan ƙarfen da ake ɗaure shi da shi kuma makullin baki. Wannan makullin sai da na ba shi layi guda a allon shi kaɗai, saboda wanda ya manta shi a jikin baki ya kunna injin, to ya harba ƙarfe ne a tsayin fuskarsa da ta na kusa da shi.

8/
Gudun injin ana sauya shi ne ta hanyar matsar da bel daga wannan fuli, wato faifan da bel ɗin yake hawa, zuwa wancan a cikin murfin sama, bayan an zare waya daga soket. Ƙa'idar a Hausa ba ta da wuyar faɗa: babban tsinke, ƙaramin gudu. A kan baƙin ƙarfe na yau da kullum, tsinke mai milimita 6 yana son juyi wajen 1,400 a minti guda, mai milimita 12 kuma rabin haka, tare da ɗigon mai domin sanyaya shi. Katako da alminiyom suna ɗaukar gudun da ya fi wannan.

9/
Akwai gargaɗi biyu da allunan da aka rubuta a wasu ƙasashe ba su faɗe su yadda suka shafe mu ba. Na farko sutura ce. Su suna maganar naktaye da dogon gashi, mu kuwa muna da babbar riga, da jallabiya mai faɗin hannu, da rawani, da gyale da hijabi ga 'yan matan da suke shigowa makarantun fasaha, da carbi a wuyan hannu, kuma duk abin da tsinke ya kama naɗe shi yake yi ya jawo mai shi. Safar hannu ma, wadda mai walda ba ya rabuwa da ita, a nan haramun ce, domin zare ɗaya ya isa ya ja yatsu ciki. Na biyu ɗauke wuta. Idan aka ɗauke wuta ana cikin aiki, yaro ya tafi ya bar maɓalli a kunne, to injin da ba shi da irin maɓallin da yake kashe kansa idan wuta ta ɗauke zai tashi shi kaɗai da zarar an dawo da ita, ko an tayar da janareta, wataƙila a daidai lokacin da wani yake share tebur ko yake canza tsinke.

10/
Ga yadda layukan farko na allon suka tsaya yanzu: Mahujin girke. Girke aikinka kafin ka kunna. Cire makullin baki. Sa tabarau, cire safar hannu, naɗe hannun riga. Da buroshi ake share ɓarɓashi, bayan injin ya tsaya da kansa. In an ɗauke wuta, kashe maɓalli kafin ka matsa.

Wani abokin aiki ya ce muƙamuƙi ya fi baki dacewa da abin riƙe tsinken, tunda haƙoransa matsewa suke yi ba magana ba. Ni na fi son baki saboda gajarta a kan allo, amma mai fenti ba zai fara aiki ba sai ranar Asabar, don haka malaman makarantun fasaha da maƙera da ke nan, ina sauraron ra'ayinku kan waɗannan biyun kafin ranar.