Taimako: ta yaya zan koya wa 'yan CM2 haɗa jimloli a Ingilishi?

Metir_Yelwa

Slm malamai da iyaye, da fatan an wuni lafiya, ya zafi?

Shawara nake nema dan Allah. Bana aka ba ni CM2, wato ajin ƙarshe na firamare, a wata lekol nan Garwa ta Kamaru, ɓangaren Faransanci, kuma kun san yanda abin yake metir ɗaya ne ke yin komai, lissafi, Faransanci, tarihi, har da Ingilishi, ga shi Ingilishin nan yana fitowa a CEP, jarrabawar gama firamare, ba damar a tsallake shi. Ni kuma a ENIEG, makarantar horar da malaman firamare, da Faransanci aka horar da ni, Ingilishina na lallaɓawa ne kawai.

Inda muka maƙale shi ne wurin da ake ba yaro jimla biyu a ce ya mai da su ɗaya, da kuma wanda ake cewa ya sake rubuta jimla ya fara da wata kalma amma kar ma'ana ta canza. Na rubuta musu and, but, because, so, who, which a tablo, sun kwafa a kaye, sun haddace har suna rera shi da waƙa, amma da na ba su "The girl is crying. The girl lost her money." fiye da rabin aji abin da suka kawo min shi ne "The girl is crying and the girl lost her money." Komai and. Wasu kuma su sa but dan kawai jiya da shi muka yi aiki. Yaran ba daƙiƙai ba ne wlh, a Faransanci suna yi ba laifi. Waɗanda suka jima a aikin nan ta ina ake kama shi?

Tsohon_Malami_Marwa

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya taimaka, CM2 ba wasa ba.

Ka goge jerin kalmomin nan daga tablo tukuna. Yaron da ya haddace because bai san yaushe ake kiranta ba, to and zai riƙa sawa, dan ita ce ba ta tambayarsa komai. Kuma ba laifinsu ba ne, ka saurari yanda muke magana da Hausa: "ya tashi ya wanke fuska ya ɗau jaka ya tafi", jimla huɗu a jere ba abin da ya ɗaure su, kuma daidai ne. Mu "da" ɗinmu sunaye take haɗawa, shinkafa da wake, uwa da uba, ba ma haɗa jimla da ita. To yaro ya zo Ingilishi an ce masa sai an sa wani abu a tsakani, sai ya kama wanda ya fi sauƙi ya yi ta liƙawa.

Abin da nake yi, kafin kowa ya taɓa bik, sai na karanta jimlolin biyu na tambaye su da baki, da Hausa ko Fulatanci ko Faransanci duk wanda ya zo: mene ne tsakanin maganar nan da waccan? Yarinya tana kuka, yarinya ta yar da kuɗinta. Wanne ya jawo wanne? Nan take za ka ji aji ya ɗauka, ai dan ta yar da kuɗin ne take kuka. To sun riga sun ba da amsar, because ɗin kawai za ka miƙa musu. Alaƙar nan a matakinsu ba ta da yawa: ko ɗaya ce ta jawo ɗaya, ko ta biyun ta saɓa wa abin da ake zato, ko ɗaya ta riga ɗaya faruwa, ko kuma mutum ɗaya ake magana a kai sau biyu. In yaro ya iya gane wannan da yarensa, rabin aikin ya ƙare.

Sai abu na biyu wanda malamai da yawa ba sa faɗa wa yara a fili: in an haɗa, akwai abin da ake cirewa. Kamar tela ne in zai haɗa ƙyalle biyu, sai ya rage baki kafin ya ɗinka. Ni kwali nake nema wurin masu shago, in yanka shi dogo dogo, in rubuta kowace jimla da manyan baƙaƙe, yara biyu su fito gaba kowa ya riƙe tasa, na uku ya shiga tsakani da because a kan ardwaz, ƙaramin allon nan na yara, sai in ba na huɗu almakashi in ce ya nemo abin da aka faɗa sau biyu. Da hannunsa zai yanke "The girl" na biyu, a sa she a wurin, ya yanke ayar tsakiya ita ma ta faɗi ƙasa. Ajin da ya cika maƙil har wasu na zaune a ƙasa ma wannan yana aiki, dan kowa yana son a ba shi almakashin.

Kuma ka yi because da so rana ɗaya da jimloli iri ɗaya, kar ka raba su. Misali mu nan in an yi ruwa da dare da safe mayo, wato kogi, ya cika. "It rained in the night. The mayo is full." Su rubuta "The mayo is full because it rained in the night", sannan ka sa yaran biyu masu riƙe da kwali su sauya wuri, sai ya koma "It rained in the night, so the mayo is full." Da idonsu za su ga dalili yana bin bayan because, sakamako kuma yana bin bayan so. Wannan ita ce ƙofar sake rubuta jimla da ka tambaya.

Ka lura da kurakurai biyu da za ka yi ta gani har ka gaji. Ɗaya "The boy he is sick", wannan Hausa ce tsantsa, "yaro ya tafi", mu dole sai da "ya" ɗin, kuma Faransancin titi ma yana taimaka musu, "le garçon il est malade". Na biyu although da but a jimla ɗaya, "Although he is poor but he is happy", saboda mu muna cewa "duk da talaka ne amma yana cikin farin ciki" kuma ba wanda zai ce mun yi kuskure. Ingilishi ɗaya yake ɗauka, ko wannan ko wancan. Yaran Fulani kuma sai ka riƙa duba he da she ɗinsu, dan a Fulfulde "o" ɗaya ce ga namiji da mace, wurin maye suna da wakilinsa nan suke zamewa. Namu Hausawa ba su da wannan matsalar, tasu ita ce it, mota ta zama she.

Maman_Twins_Ngaundere

Malam Allah ya saka da alheri, na ƙaru. Amma ni wurin shigo da Hausa cikin darasin Ingilishi ne ban gamsu ba gaskiya. Nawa yaran a ɓangaren anglofon suke, Class 6, bana za su yi Common Entrance da FSLC, jarrabawarsu ta gama firamare, kuma malamarsu 'yar Bamenda ce ko sannu ba ta ji da Hausa amma suna yi. Tsorona yaro ya saba sai ya fassara a kansa kafin ya rubuta, ranar jarrabawa lokaci ya ƙure masa.

Abin da zan ƙara wa Metir shi ne wajen sake rubutawa, dan shi na fi fama da shi da yamma in muna devuwar, wato aikin gida. Wanda ya fi kayar da su shi ne too … to. "The tea is very hot. I cannot drink it." Amsar ita ce "The tea is too hot for me to drink", ba not kuma ba it a ƙarshe. Yara ba sa yarda, gani suke in ba not ai an ce ana iya sha ke nan, sai su cusa ta. Kuma in da so … that aka ce su yi, to duka biyun suna nan, "The tea is so hot that I cannot drink it". Ni shayi na zuba a kofi da gaske na ajiye musu yana tururi na ce to ku sha, too yana nufin abu ya wuce misali har ya hana. Kuma ku masu Faransanci sai ku kula, yanda ake cewa "c'est trop bon" a gari ana nufin ya yi daɗi sosai, shi ke sa yara su rubuta "my mother is too kind" suna yabonta ne a nasu tunanin.

Tsohon_Malami_Marwa

Hajiya naki yaran tun Class 1 suke jin Ingilishi daga safe har tashi, na Metir kuwa 'yan awoyi ne a sati, ba ɗaya ba ne. Kuma ban ce a fassara jimla ba, tambaya ɗaya ce ake yi da yaren gida, wanne ya jawo wanne, daga nan a koma Ingilishi. Doka ma ba ta hana ba, dokar tsarin ilimi ta 1998 da ta ajiye ɓangarori biyun nan ita da kanta ta ambaci raya harsunanmu na gida. In an kusa jarrabawa sai a daina, lokacin sun riga sun kama.

Maganar shayin kuwa na sace ta.

Dan_Njamena

Mu nan Cadi Faransanci da Larabci ne harsunan gwamnati, shi ya sa yaranmu ba sa samun Ingilishi da wuri kamar naku, ni da kaina nake ɗan koya wa ƙannena a gida dan akwai mai son a kai shi karatu Najeriya. Abu ɗaya da na lura Metir, kar ka raina Faransancin da yaranka suke da shi. Juya jimla irin "The goat ate the millet" zuwa "The millet was eaten by the goat", ai ginin ɗaya ne da "le mil a été mangé par la chèvre" wanda sun riga sun yi a darasin Faransanci, ka rubuta su sama da ƙasa kalma ƙarƙashin kalma su gani. Wahalar ba a juyawar take ba, a eat ate eaten take, wannan kam sai hadda. Haka ma kawo maganar wani, "I am sick" ya koma "He said that he was sick", Faransanci ma yana jan aikatau baya, "il a dit qu'il était malade", Hausa ce ba ta yi, mu "ya ce ba shi da lafiya" kawai.

Metir_Yelwa

Kai jama'a na gode ƙwarai, Malam Allah ya ƙara girma, Hajiya na gode, ɗan uwa na Njamena wannan ban taɓa tunaninsa ba. Saura ɗaya Malam, who da which fa? Su ma da almakashin ne? Dan abin da nake samu shi ne "This is the man who I saw him" da kuma "the boy who his father is a driver", na san ba daidai ba ne amma ban san yanda zan bayyana musu ba.

Tsohon_Malami_Marwa

Da shi ne, nan ma ya fi amfani. Amma ka fara da mai sauƙi, inda wanda ake magana a kai shi ne ke aikatawa a jimlolin biyu, kuma ka ɗauko abin da suka riga suka sani a tarihi da labarin ƙasa, kar ka haɗa musu sabon nahawu da sabon labari. Kai da kake Garwa ga naka a ƙofar gida: "Ahmadou Ahidjo was born in Garoua. He became president in 1960." A yanke He, who ta zauna a kujerarsa, a tura guntun kwalin kusa da sunan: "Ahmadou Ahidjo, who became president in 1960, was born in Garoua." Ga na which: "The Lagdo dam gives us electricity. It is on the Benue." ya zama "The Lagdo dam, which is on the Benue, gives us electricity." Ka nuna musu waƙafi biyun nan, ka sa yaro ya rufe abin da ke tsakaninsu da tafin hannu ya karanta sauran, in jimlar ta tsaya da ƙafarta to an yi daidai. Ka gaya musu kuma who ta mutum ce which ta abu da dabba, dan "qui" ɗin Faransanci ba ya bambancewa, mutum qui mota ma qui.

Him ɗin da kake gani daga gida suka zo da shi, "mutumin da na gan shi", "matar da na sayi ƙosai wurinta", mu muna barin shi da ita a baya. Dokar da nake ba su gajeriya ce: duk kalmar da who ta maye gurbinta ta tafi ke nan, ba ta dawowa ta ƙofar baya. Wanda ya yanke him ya sa shi a aljihu har a tashi darasi, in wani ya rubuta shi a ardwaz sai a ce ya je ya duba aljihun wane.

Na ƙarshen "yaron da babansa direba ne" suke rubutawa kalma da kalma, who his. Ka ɗauki kwalin who da kwalin his ka ɗora ɗaya kan ɗaya, ka juya, a bayan ka riga ka rubuta whose. Who da his, who da her, who da their, duk whose suke haifarwa. Waɗanda suka iya "dont" a Faransanci za su kama da wuri, sai dai ka hana su sa the a bayanta, "dont le père" ne amma "whose father". Kar ka kawo whom yanzu, ka bar wa malamansu na kwaleji, kuma whose ɗin ma ka bari sai sati na gaba bayan who da which sun zauna.