Ganganci ne ko kasada?

Ɗan Birni: Salamu alaikum. Jiya a fada mun yi gardama har shayi ya huce. Ni na ce ganganci da kasada duk ɗaya ne. Wanda ya tsira a ce ya yi kasada, wanda ya karye a ce ya yi ganganci. Ku raba mu.

Malamin lakwal: Wa alaikumus salam. A'a ƙanena, saurari kalmar da kyau: ganganci, da gangan. Mutum yana ganin haɗarin ƙiri-ƙiri, ba abin da ya matsa masa, ya afka. Kasada kuwa akwai abin da ake nema bayanta. Wanda ya sayi wake da kaka ya ajiye yana jiran bazara, kasada ya yi. Sakaci ma daban ne, shi rashin kula ne kawai.

Mai kabu-kabu: To Malam, ɗan ruwa-ruwa mai sumogal ɗin mai fa? Jarka shida na esansi a kan moto ɗaya, ba kaske, yana tsere wa ƴan duwan. Abinci yake nema.

Malamin lakwal: Ɗauko man kasada ce. Kunna taba kusa da jarkar, wannan shi ne ganganci. Na gani da idona kusa da Kasuwar Dole, yaro na ɗura kwalba, sigari a baki.

Ɗan Birni: Da bai ƙone ba ai gwani za a ce.

Hajiya ta Zango: Ƴaƴana, ku yi hankali da kalmar nan, tana da ciwo. A 2013 mutum 92 ƙishirwa ta kashe a hamada kan hanyar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, da dama daga Kance ta jihar Damagaram. Na ji masu cewa ganganci suka yi. Wanda rumbunsa ke cike shi ke faɗin haka. In da ganganci a maganar, na mai ɗora mata da goyo a tsohuwar mota ya shiga sahara da su ne.

Mai kabu-kabu: Wallahi Hajiya kin gama magana. Allah ya jiƙansu.

Ɗan Birni: Amin. Amma Hajiya, kin dawo kan batuna ke nan: mai kallo ne ke raɗa sunan.

Malamin lakwal: Ba ta dawo ba, ta nuna maka mai zaɓi da marar zaɓi. Kai da ke ɗaga ƙafar moto ranar ɗaurin aure, wa ya aike ka?

Ɗan Birni: Malam, wannan kuma ƙuruciya ce.