Fankshin ɗina ya ƙi kama saƙo daga layi a kan laftof, don Allah a taimaka

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina haɗa wa wani shago 'yar manhaja, idan kwastoma ya biya sai saƙo ya shiga layin Azure Queue Storage, fankshin (ɗan kod ɗin da na ɗora a Azure Functions na Microsoft) ya ɗauka ya tura masa rasit. A kan Azure lafiya lau yake aiki, amma duk ɗan gyaran da na yi sai na loda sama kafin in ga sakamako, data na tafiya lokaci na tafiya, wallahi na gaji. Jiya na sa Azurite (manhajar da ke kwaikwayon Azure Storage a kan kwamfuta) a laftof, na buga func start don kunna fankshin, na tura saƙo da wani ɗan kod na Python. Shiru. Can na buɗe Storage Explorer sai ga wani sabon layi wai rasit-poison, saƙona na zaune a ciki. Ina na kuskure?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. Fara duba fayil ɗin saiti na local.settings.json, AzureWebJobsStorage ya zama UseDevelopmentStorage=true, kuma ka tabbata Azurite na kunne tun kafin func start, layi yana fot 10001 ne.

Amsa ta 2: Malam, tunda har poison ya fito ai haɗin ya yi, fankshin yana ganin saƙon, karanta shi ne ya gagara. Yana gwadawa sau 5, in ya kasa ya jefa shi can. Ni zargina Base64 ne, wato wata hanyar sauya fasalin rubutu kafin a tura shi. Azure Functions yana jiran saƙo a Base64, shi kuma SDK na 12, wato laburaren da kod ɗinka na Python ke tura saƙo da shi, ba ya mayar da shi haka da kansa, yadda ka rubuta haka yake turawa. Ko ka sa TextBase64EncodePolicy lokacin da kake buɗe QueueClient, ko a host.json ka sa messageEncoding ya zama none in ekstenshin ɗinka na 5 ne. Ni dai na fi son na farko, kar ka taɓa saitin da ke aiki a sama don gwajin gida kawai. Abin nan ya taɓa cinye min dare guda, ina ta sake rubuta fankshin da ba shi da laifin komai.

Amsa ta 3: Kuma ɗan'uwa don girman Allah kar ka ce bari in ɗan jona laftof da layin gaske don ya fi sauƙi, fankshin na laftof da na kan Azure za su dinga wawar saƙo ɗaya, kwastoma ya biya rasit ɗinsa ya maƙale a kwamfutarka. Sannan saƙo ɗaya yana iya zuwa sau biyu, gwada tura lambar oda ɗaya sau biyu ka gani ko rasit biyu zai fita.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, Base64 ɗin ne kuwa, ina sawa ko daƙiƙa biyu ba a yi ba ya ɗauka. Amma na gwada na oga mai amsa ta 3, rasit biyu suka fito. A ina kuke ajiye lambobin da aka riga aka gama da su, tebur ɗin Azurite zai wadatar?